Dodon Majigi: Sharhi a Kan Finafinan Tsoratarwa Game da Tabar Wiwi

Duk unguwar da shaye-shaye ya shiga, akwai ranar da dattawa za su zauna su ce a nemo fim a nuna wa yara. Haka abin yake a Kano da Maraɗi, haka kuma yake a N'Djamena, babban birnin Cadi, inda iyaye suke kuka da tabar wiwi da ƙwayar tiramadol a hannun 'ya'yansu. Fim ɗin da akan nema kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana so a ga yaron kirki ya zuƙi hayaƙi sau ɗaya, kafin a tashi daga kallo ya haukace, ya yi kisa, ya mutu. Zaton dattawan shi ne, in hankalin yara ya tashi sosai, to, an yi rigakafi ke nan.

Niyyar tana da kyau, amma dabarar tsohuwa ce, an kuma riga an ga ƙarshenta. An gwada ta a Amurka tun shekara ta 1936, finafinan da aka yi a kanta suna nan har yau, kowa yana iya kallonsu a intanet. Ya kamata duk ikkilisiya ko makaranta ko ƙungiyar matasa da ke shirin kafa majigi don yaƙi da shaye-shaye ta san labarinsu kafin ta ɗaura farin ƙyalle a bango.

Fim ɗin da ya fi suna

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Reefer Madness, wato Haukan Wiwi. An yi shi a 1936, wani Bafaranshe mai suna Louis Gasnier ne ya ba da umarni. Sunansa na farko Tell Your Children, ma'ana a faɗa wa yara, kuma labarin da ya shahara shi ne wata ƙungiyar ikkilisiya ce ta ba da kuɗin yinsa domin a nuna wa iyaye.

Fim ɗin ya buɗe da wani shugaban makaranta, Dokta Carroll, yana yi wa taron iyaye da malamai jawabi. Daga nan ya shiga ba su labarin waɗansu 'yan makaranta. Akwai Bill, yaro mai ladabi da ƙwazo, da budurwarsa Mary, da ƙanenta Jimmy. Dillalan wiwi suka ja su zuwa wani gida inda ake kiɗa da rawa da shan hayaƙi. Jimmy ya sha, ya tuƙa mota, ya take mutum a titi. Mary ta je neman ƙanenta, wani mashayi mai suna Ralph ya nemi ya yi mata fyaɗe, aka kaure da kokawa, bindigar dillali ta tashi ta kashe ta. Aka ɗora wa Bill laifin, kotu ta kama shi da kisa. Ralph ya zauna yana zuƙa yana ƙyalƙyala dariya, yana matsa wa wata mace ta ƙara saurin kiɗan fiyano, har ya tashi ya kashe dillalin da duka. Matar ta faɗi gaskiya, aka saki Bill, ita kuwa ta yi tsalle ta taga ta mutu. Aka kai Ralph gidan mahaukata. A ƙarshe Dokta Carroll ya juyo ya nuna masu kallo da yatsa, don kowa ya ji cewa ɗansa ne na gaba.

Duk wannan ya faru cikin fim na sa'a ɗaya da 'yan mintoci. In mai karatu ya ƙirga zai sami haɗarin mota, da yunƙurin fyaɗe, da kisa biyu, da kisan kai, da hauka, dukansu an rataya su a wuyan ganye ɗaya.

A ma'aunin aikin fim, babban aibin Reefer Madness shi ne babu mutum a cikinsa. Bill ba shi da wata damuwa kafin ya sha. Ba talauci ya kai shi ba, ba baƙin ciki ba, ba rashin aiki ba, ba kuma gida ne ya watse masa ba. An kira shi ne kawai, ya tafi. Da yake ba a nuna dalilin da ya sa ya fara ba, ba a iya nuna hanyar da zai bi ya daina ba. Babu wanda ya warke a fim ɗin, babu wanda ya tuba ya koma gida, babu uwa ko malami da ya zauna da yaro ya saurare shi. Hanyoyin fita uku ne kurum: kurkuku, gidan mahaukata, kabari. Fim da aka ce masu bi ne suka biya kuɗinsa, sai ga shi ba shi da ko ƙofa ɗaya ta jinƙai.

Wa'azi a baki, ciniki a zuci

Ba a daɗe ba fim ɗin ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa mai suna Dwain Esper. Ya sāke yanka shi, ya riƙa yawo da shi gari gari, ana sauya masa suna daga wannan yanki zuwa wancan. A nan ne mai karatu zai gane irin sana'ar da ake magana a kai.

A lokacin, manyan kamfanonin Holiwud suna ƙarƙashin wata ƙa'idar tace finafinai da aka rubuta a 1930, aka tsananta aiki da ita daga 1934. Ƙa'idar ta hana nuna tsiraici da fataucin miyagun ƙwayoyi. Sai waɗansu ƙananan 'yan kasuwa suka ga kafa. Suka riƙa yin finafinai masu arha a kan ainihin abubuwan da aka hana, su sa dogon rubutun gargaɗi a farko cewa an yi fim ɗin ne don ilimantar da jama'a da ceton matasa. Da wannan rubutu suke kāre kansu a gaban hukuma. Hotunan talla kuwa wani abu dabam suke faɗi: 'yan mata da tufafi rabi da rabi, da sanarwar cewa manya kaɗai za a bari su shiga.

Esper da kansa ya yi fim mai suna Marihuana a 1936, matarsa Hildagarde Stadie ce ta rubuta labarin. A ciki 'yan mata suka sha wiwi a wurin liyafa, suka tuɓe suka faɗa teku da dare, ɗaya ta nutse. Ba sai an tambayi abin da ya tara 'yan kallo ba. A 1937 aka yi Assassin of Youth, wato Makashin Matasa. A 1949 kuma aka fito da wanda daga baya aka sa wa suna She Shoulda Said No, ma'ana da ma ta ƙi. Tauraruwarsa, Lila Leeds, an kama ta ne da wiwi a 1948 tare da shahararren ɗan wasa Robert Mitchum, aka ɗaure su duka biyu na ɗan lokaci. Shi ya fito ya ci gaba da haskakawa a Holiwud. Ita kuwa ƙofofi suka rufe mata, sai masu wannan sana'a suka ɗauke ta, suka yi ciniki da abin kunyarta, har ana kai ta gidajen silima ta tsaya a gaban jama'a ta yi jawabin gargaɗi.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a lura da shi. Fim ɗin tsoratarwa yana bukatar ya nuna zunubin da armashi, in ba haka ba ba mai biyan kuɗin shiga. Minti hamsin ana kiɗa da rawa da dariya, minti goma ana hukunci. Yaro mai shekara goma sha biyar ya san ɓangaren da zai riƙe a kansa.

Inda tsoron ya samo asali

Finafinan nan ba su tsiro su kaɗai ba. A 1930 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta naɗa Harry Anslinger shugabanta, ya riƙe muƙamin har 1962. Anslinger ya tara labaran kashe-kashe daga jaridu yana danganta su da wiwi, yana karanta su a gaban majalisa da gidajen rediyo. Daga kan wata maƙala da ya buga a 1937 ne aka ɗauko sunan fim ɗin Makashin Matasa.

Labarin da ya fi yawan maimaitawa shi ne na Victor Licata, wani saurayi a birnin Tampa na jihar Florida, wanda ya kashe mutum biyar na gidansu da gatari a 1933. Jaridu suka ce wiwi ne. Abin da ba a faɗa wa jama'a ba shi ne, tun kafin kisan an riga an nemi a kai shi asibitin masu taɓin hankali, iyayensa suka hana, kuma akwai ciwon a danginsu. Likitocin da suka duba shi bayan kisan ciwon hauka suka samu.

Kamfen ɗin ya kuma hau kan ƙiyayyar baƙi. An riƙa jingina ganyen ga 'yan ƙasar Meziko da suka shigo neman aiki, da baƙaƙen fata masu kiɗan jaz, ana nuna cewa su ne za su lalata 'ya'yan Turawa. A 1937 majalisa ta zartar da dokar harajin da a aikace ta haramta ganyen, ko da yake Dokta William Woodward, wakilin ƙungiyar likitocin Amurka, ya tsaya a gabanta ya ce ba a kawo hujjar likita ba, labaran jarida kawai aka kawo. A 1944 wani kwamitin likitoci da magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya sa aka kafa ya fitar da rahoto cewa bai sami shaidar da ke nuna wiwi ne ke haddasa manyan laifuffuka ba. Anslinger ya yi fatali da rahoton.

Wani masanin zamantakewa, Stanley Cohen, ya yi nazarin irin wannan hali a littafin da ya buga a 1972. Ya nuna yadda al'umma takan firgita a kan wani abu fiye da girmansa, jaridu su hura wutar, masu faɗa a ji su ɗauka, a zaɓi wani rukuni na mutane a mai da su dodo, a yi doka cikin gaggawa, sa'an nan a manta. Hausawa sun san wannan tun kafin a ba shi suna, su ne suka ce an bar jaki ana dukan taiki.

Ranar da dodo ya zama abin dariya

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A farkon shekarun 1970 wani lauya mai suna Keith Stroup, wanda ya kafa ƙungiyar neman a halatta wiwi a Amurka, ya sayi kwafin Reefer Madness da dala 297. Ya riƙa nuna shi ana biyan kuɗin shiga, kuɗin yana tafiya ga kamfen ɗin halattawa. Ɗaliban jami'o'i suka cika ɗakunan kallo suna ta dariya. Wani ƙaramin kamfani, New Line Cinema, ya ɗauki rarraba shi, ya sami jarin da ya taimaka masa ya tsaya da ƙafafunsa. Fim da aka yi don a hana shan wiwi ya koma yana tara wa masu sha kuɗi. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Dalilin a fili yake. Uwa takan ce wa yaro kada ya je bakin rijiya, akwai dodo a ciki. Ranar da ya leƙa bai ga dodo ba, ya daina jin tsoron rijiyar gaba ɗaya, alhali rijiya tana kisa ko babu dodo. Saurayin da aka ce masa zuƙa ɗaya tana haukatarwa, in ya ga abokinsa ya sha sau goma yana nan yana zuwa makaranta, ba fim ɗin kaɗai zai ƙaryata ba. Zai ƙaryata uban da ya kai shi kallo, da malamin da ya yi bayani, da duk gargaɗin da za su yi masa nan gaba, har wanda yake gaskiya ne.

An ma auna wannan da ƙididdiga. Daga 1998 zuwa 2004 gwamnatin Amurka ta kashe fiye da dala biliyan ɗaya a kan tallace-tallacen hana matasa shaye-shaye. Binciken da gwamnatin kanta ta sa aka yi ya nuna cewa shan wiwi bai ragu saboda tallan ba. Akwai ma alamar cewa yaran da suka fi ganin tallan sun fi ɗauka cewa tsaransu duk suna sha.

Majigi da doka a wannan yanki

Ƙasar Hausa ta san fim ɗin wa'azi tun zamanin Turawa. A 1939 Ingila ta kafa sashen yin finafinai don ƙasashen da take mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda ya fara wannan aiki yana jami'in kiwon lafiya a Legas. Motocin majigi suka riƙa shiga garuruwa suna nuna finafinai a kan tsabta da noma da biyan haraji. Salon da suka fi so shi ne na mutum biyu, mai wayo da wawa. Mai wayo ya bi maganar hukuma ya arzuta, wawa ya ƙi ji ya lalace. Tsari ne mai sauƙin ganewa, amma ginshiƙinsa raini ne, domin an ɗauka mai kallo ba zai iya ɗaukar labari mai sarƙaƙiya ba. Yawancin wasannin gargaɗi da ake yi a makarantu da majami'u da finafinan bidiyo har yanzu a kan wannan gwadabe suke tafiya.

Ta fannin doka ma an bi sawun tsoro. A 1966 gwamnatin soja ta Nijeriya ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, da ɗaurin shekara 10 ga mai sha. A 1975 aka sassauta ta. A 1984 wata gwamnatin soja ta dawo da hukuncin kisa ga masu fataucin miyagun ƙwayoyi, aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilu na 1985 saboda hodar ibilis. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Bayan duk wannan, binciken da gwamnatin Nijeriya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi, aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Tsoron bindiga ma bai rufe kasuwar ba, balle tsoron majigi.

Abin da tsoro ya haifar a cikin gidaje ya fi muni. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a raba su da shaye-shaye. A shekarar ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Nijeriya, a asibitocin gwamnati da gidajen masu maganin gargajiya da wuraren addu'a na Musulmi da na Kirista. Iyayen da aka koya musu cewa ɗansu ya zama dodo ba sa ganin laifin sarƙa.

Darasi daga N'Djamena

Birnin N'Djamena, wanda ake kira Fort-Lamy har 1973, ya taɓa samun gidajen silima masu suna, irin su Normandie da Rio da Shéhérazade da Étoile. Yaƙin basasa da ya ci birnin daga 1979, da talauci, da zuwan ɗakunan kallon bidiyo na unguwa suka durƙusar da su. A 1999 Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Cadi mazaunin Faransa, ya fito da Bye Bye Africa, wanda ya ci kyautar fim ɗin farko a bikin finafinai na Benis. Ba a kan wiwi aka yi shi ba, amma babu fim da ya fi shi tona asirin fim ɗin gargaɗi.

A ciki Haroun ya fito a matsayin mai shirya fim da ya dawo gida bayan rasuwar mahaifiyarsa. Yana zagaya birni da kyamara yana ɗaukar gidajen silima da suka zama kango. Sai ya sadu da Isabelle, wadda ta taɓa fitowa a wani fim nasa a matsayin mai ciwon ƙanjamau. Shi ya gama aikinsa ya koma Turai. Ita ta zauna cikin mutanen da suka ɗauka da gaske tana da ciwon. Aka guje ta, aka ƙyamace ta, a ƙarshe ta kashe kanta. Haroun bai ɗora laifin a kan jahilcin 'yan kallo kaɗai ba. Ya juya kyamara kan mai shirya fim ɗin, wanda ya yi amfani da fuskar mace don isar da saƙo, bai tsaya ya ga abin da saƙon ya yi mata ba. Isabelle ta labari ce, Lila Leeds ta gaske ce, amma abu ɗaya ya same su: an mai da mutum allon rubuta darasi.

Wannan ya shafi duk wanda yake sa mashayin da ya tuba ya tsaya a gaban taro, ko a ɗauke shi a waya a watsa. Taro zai watse, shi kuwa zai ci gaba da zama a unguwar, zai nemi aiki a can, zai nemi aure a can.

Haroun ya kuma nuna wata hanya. A Grigris, wanda ya shiga gasar Cannes a 2013, saurayi ne mai shanyayyar ƙafa, gwanin rawa a gidajen dare na N'Djamena. Mijin mahaifiyarsa ya kwanta ciwo, kuɗin asibiti ya fi ƙarfinsu, sai ya shiga cikin masu fasa-ƙwaurin man fetur. Fim ɗin bai wanke laifin ba, an ga haɗarinsa da muguntar masu gidan sana'ar. Amma mai kallo ya san abin da ya kai yaron can, saboda haka yana iya tambayar kansa abin da da an yi da bai je ba. Wannan tambaya ita ce mafarin gyara, ita ce kuma Reefer Madness bai taɓa barin kowa ya yi ba. Gwamnatin Cadi ta gyara gidan silima na Normandie aka sāke buɗe shi a 2011, bayan wani fim na Haroun ya ci kyautar alƙalai a Cannes a 2010.

Gaskiyar ta isa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da yake finafinan sun yi ƙarya, wiwi ba shi da illa. Wannan ma wata ƙaryar ce, ta masu dariya. Binciken da aka yi a Suwidin a kan samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, aka buga a 1987, ya nuna cewa waɗanda suka sha fiye da sau hamsin sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin kamuwa da ciwon hauka mai tsanani har ninki shida. Wani binciken da aka buga a 2019, wanda ya haɗa birane da dama na Turai da Barazil, ya sami cewa mai sha kullum ya fi haɗarin taɓin hankali kusan ninki uku, in kuwa mai ƙarfin yake sha, kusan ninki biyar. Likitoci sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha yakan kamu har ya kāsa dainawa, a cikin waɗanda suka fara tun suna matasa kuwa kusan ɗaya cikin shida. Yana rage kaifin tunawa da natsuwar karatu, yana kuma rage hanzarin mai tuƙi. Ganyen da ake sayarwa a ƙasashe da yawa ya fi na zamanin Anslinger ƙarfi nesa ba kusa ba. Ko da Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire shi daga rukunin mafi haɗari a watan Disamba na 2020, ta bar shi cikin jerin abubuwan da ake tsare da su.

Wannan bayani ba shi da gatari ko fiyano, amma yana da abin da fim ɗin 1936 ya rasa: saurayi zai iya gwada shi da abin da idonsa ya gani, ya tarar ya yi daidai. Ya san masu sha da yawa da ba su haukace ba, ya kuma san ɗaya ko biyu da suka bar makaranta, ko suke yawo a bola.

Akwai kuma haɗarin zuba ido a kan dodo ɗaya. Binciken nan na Nijeriya ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan magungunan asibiti masu sa maye, irin su tiramadol da kodin, ba bisa umarnin likita ba. Tiramadol ba shi da wari, ba shi da hayaƙi, mai dako da mai babur suna shansa don su jure aikin yini, yawansa kuwa yana kawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. A watan Yuli na 2020 wata kotu a Cadi ta ɗaure waɗansu manyan jami'an soja da na leƙen asiri saboda hannu a fataucin tiramadol da aka kama a hanyar Libiya. Fim ɗin da ya tsaya a kan yaron bayan kasuwa da naɗin ganye a hannu ya bar manyan a inuwa.

Ma'aunin da za a riƙe

Dattawan da suke neman fim suna iya auna shi da tambayoyi huɗu. Abin da ya faɗa a kan ƙwayar, likita zai yarda da shi? Ya nuna dalilin da ya sa mutum ya fara, ko kuwa ya fāɗo ne kawai daga sama? Akwai wanda ya warke a ciki, an kuma nuna wahalar warkewar da masu taimakonsa? In mashayi yana zaune a cikin taron, zai tashi da ƙarfin zuciyar neman taimako, ko zai sulale ya ɓuya?

Masu bi suna da nasu dalili na musamman. Dokar da ta hana shaidar zur ba ta keɓe wanda ya yi ta da kyakkyawar niyya ba. Suna kuma da tarihin da ya fi na Esper kyau. A 1877 wani fasto a Janeba, Louis-Lucien Rochat, ya kafa ƙungiyar Blue Cross, ba don ya tsoratar da mashaya giya ba, sai don ya zauna tare da su har su tsaya da ƙafafunsu. Ƙungiyar tana da reshe a Cadi, wanda ya yi aiki a N'Djamena cikin 'yan makaranta da masu babur na haya, yana horar da matasa su yi wa tsaransu magana. Aiki ne mai cin lokaci, ba ya tara jama'a kamar majigi, ba kuma a gama shi a dare ɗaya.

Majigi yana da amfaninsa in an ba shi gaskiya ya nuna. Amma in an kashe injin, an naɗe ƙyalle, yaron da ke da ƙulli a aljihu yana nan zaune a benci na baya. Wanda zai zauna kusa da shi ya tambaye shi abin da ke damunsa, shi ne ya fara yaƙi da shaye-shaye a wannan unguwa.